Daga Sule Biyar Zuwa Bashin Karatu

[Kiɗan buɗe shiri, a rage shi a hankali]

  Ina miƙa gaisuwa ga mutanen Ƙanƙara, da na Ketare da Pauwa da Burdugau. Ina gaida Faskari, Daudawa, Mairuwa, Sheme da 'Yankara. Mutanen Sabuwa, Damari da Maibakko, ya gona, ya haƙuri da abin da ya dame mu? Allah Ya kawo mana sauƙi.

Yau da kiran waya za mu fara.

Magariba ta wuce. Maigida ya idar da salla, yana zaune a zaure, an kawo tuwo. Waya ta yi ƙara. Yaronsa ne daga jami'a. An gaisa, an tambayi mutanen gida, sai yaro ya yi shiru. Uba ya san irin wannan shirun. Can sai yaro ya ce, "Baba, ran Juma'a za a rufe fotal."

Fotal, ga wanda bai sani ba, shafin intanet ne da ɗalibi yake shiga ya yi rajista. In aka rufe ba ka biya ba, babu kai a lissafi, babu kai a jarrabawa. Uba ya ce, "Nawa ne?" Yaro ya faɗa. Uba ya ce, "Kai, sake faɗa." Ya sake faɗa. Tuwon nan haka aka mayar da shi cikin gida.

Da gari ya waye, maigida ya buɗe ɗakin ajiya ya ƙirga buhunan masara. Bana gonar daji ba ta nomu ba, kun san dalili, matsalar tsaro. Sai 'yar ta bakin gari. Ga bashin taki, ga ƙannen yaro, ga bakin da za a ciyar har wata kaka. In ya kai buhu uku kasuwar Sheme ko Ɗandume, me zai rage? Kuma masarar ma ba ta da alkawari. A 2024 ta yi tashin gwauron zabi, a 2025 ta faɗo warwas, taki kuwa ya ƙi saukowa.

Wannan gida zai iya zama naka, mai saurare. Zai iya zama na maƙwabcinka. A kansa za mu yi magana yau. Za mu duba wannan kuɗi, na mene ne, me ya sa ya hau. Sai mu waiwayi tarihin ɗaliban da suka fito titi saboda shi, me suka samu, me suka rasa. Daga nan mu zo kan bashin karatu da gwamnati take bayarwa. Ku gyara zama.

[Kiɗa]

To, bari mu fara da kuɗin kansa.

Akwai abin da yake rikita iyaye. Gwamnatin tarayya tana cewa karatu kyauta ne a jami'o'inta. A watan Yulin 2023 ma fadar shugaban ƙasa ta sake nanata haka. Uba kuwa ga takardar biyan kuɗi ta Remita a hannunsa, wadda aka buga masa a shagon intanet, da lambobi reras. Wa ke da gaskiya?

Ku saurara da kyau. Kuɗi iri biyu ne. Akwai kuɗin koyarwa, wato ladan malamin da ya tsaya gaban allo. Wannan, gwamnati ce take biya, ta hanyar albashi. Shi ne ake cewa kyauta. Sai kuma kuɗin hidimomi. Rajista, jarrabawa, ɗakin karatu, ɗakin gwaje-gwaje, asibitin makaranta, wasanni, wuta da ruwa, katin shaida. Waɗannan ɗalibi ne yake biya, kuma su ne suka hau. Na sake faɗa: kuɗin koyarwa daban, kuɗin hidimomi daban. Amma aljihun manomi bai san wannan bambanci ba. Shi dai buhu ya fita.

Me ya sa suka hau? Ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Darajar naira ta faɗi. A Afrilun 2024 aka ninka kuɗin wuta fiye da sau uku ga layin da ake kira rukunin A, inda manyan jami'o'i da yawa suke. A shekarar, hukumar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wato ABU, ta fito ta koka cewa kuɗin wutarta ya kai kusan naira miliyan 300 a wata. A wata fa, ba a shekara ba.

Don haka in za a yi adalci, su ma shugabannin jami'a suna cikin tsaka mai wuya. Abin da ake ba su na gudanarwa ba ya isa. Da suka duba sama ba su ga mai ba su ba, sai suka duba ƙasa. A ƙasan nan wa ke tsaye? Ɗalibi. Bayan ɗalibi wa ke tsaye? Kai, Baba, da buhunanka.

Cikin 2023 jami'o'i suka riƙa ƙari ɗaya bayan ɗaya. A Jami'ar Legas, kuɗin da yake wajen naira 19,000 ya koma tsakanin 100,000 da 190,000, gwargwadon fannin karatu. Jami'ar Bayero ma ta yi nata ƙarin, har gwamnatin Kano ta ware naira miliyan 700 don biya wa 'yan jiharta 7,000 rajista. Yaranmu kuwa ina suke karatu? Dutsinma, Katsina, Zariya, Kano, Sakkwato, Gusau. Duk inda iskar nan ta kaɗa, ta taɓa su.

Kuma kuɗin rajista rabin labari ne. Ga hayar ɗaki, don ɗakunan kwanan makaranta ba sa isa. Ga abinci. Ga takardun darasi da ake bugawa. Ga kuɗin mota. Ɗan Sabuwa sai ya biyo Ɗandume ya fito Funtuwa kafin ya kama hanyar Zariya ko Katsina. Ɗan Ƙanƙara in zai je Dutsinma, sai ya tambayi direbobi lafiyar hanyar 'Yantumaki tukuna. In ba ta biyuwa, ya zagaya, kuɗi ya ƙaru.

[Kiɗa]

Yanzu sai tarihi. Nan zan ɗan daɗe, don akwai abin ji.

Dattawa, kun tuna sule biyar? Kwabo 50 ke nan. Yaran yanzu ko a ƙasa suka gan shi ba za su duƙa ba. To a kan sule biyar aka zubar da jini a Zariya.

Shekarar 1978 ce, zamanin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo. A lokacin jami'a ce take ciyar da ɗalibi, yana biyan naira 1 da kwabo 50 a yini. Sai aka ce ya koma naira 2. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUNS, ƙarƙashin Segun Okeowo, ta ce ba ta yarda ba. Aka yi zama, aka kasa daidaitawa. Ɗalibai suka ƙaurace wa aji. Kwamishinan ilimi na tarayya a lokacin shi ne Kanar Ahmadu Ali, sai taken ya zama Ali sai ya tafi. Da wannan suna aka san rikicin har yau.

Ranar 18 ga Afrilu 'yan sanda suka harbe wani ɗalibi a Jami'ar Legas, Akintunde Ojo. Labari ya iso Samaru, ɗaliban ABU suka fito. Aka turo sojoji, aka buɗe wuta, aka kashe ɗalibai. Gwamnati ta rufe jami'o'i, ta haramta NUNS, aka kori wasu ɗalibai da malamai. Rikicin ya ci kujerar shugaban Jami'ar Legas da ta shugaban ABU. Sule biyar ɗin fa? Yana nan, ba a janye shi ba.

Ku riƙe wannan. An rasa rayuka, ƙarin bai koma ba. Amma tun daga ranar, kowace gwamnati ta san taɓa tukunyar ɗalibi ba wasa ba ne. Shekaru da dama, in an zo batun sa kuɗin koyarwa a jami'o'in tarayya, sai a tuna 1978 a ja baya. A ganina, kalmar nan ta karatu kyauta da har yau gwamnati take jin nauyin sakinta, da jinin waɗancan yara aka saye ta.

Bayan shekara takwas, a 1986, ɗaliban ABU suka yi jerin gwano don tunawa da mamatan 1978. Hukumar jami'a, ƙarƙashin Farfesa Ango Abdullahi, ta hukunta shugabanninsu. Rigima ta tashi. Ranar 23 ga Mayu 'yan sandan kwantar da tarzoma suka shiga harabar, aka sake yin asarar rayuka, har da ɗaliba mace. An fito juyayin matattu, an ƙara matattu.

Maƙwabtanmu na Nijar ma suna da tasu ranar. A 9 ga Fabrairun 1990, ɗalibai a Yamai suka nufo gadar Kennedy, suna adawa da tsuke bakin aljihun da ya shafi ilimi. Jami'an tsaro suka yi harbi, ɗalibai uku suka mutu. Wannan rana tana cikin abubuwan da suka tura ƙasar zuwa babban taron ƙasa na 1991 da mulkin jam'iyyu da yawa. Har yau ɗaliban Nijar ba su bar tunawa da ita ba.

Mu dawo kusa. Mutanen Sabuwa, ku da kuke iyaka da Kaduna, kun ji wannan da kunnenku. A 2021 gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta ƙara kuɗin manyan makarantun jihar. A jami'ar jiha, KASU, abin da bai kai naira 30,000 ba ga ɗan jiha ya koma 150,000 ko fiye. Ɗalibai suka yi ta fitowa. A Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya aka rasa ran ɗalibi. Gwamnati ba ta motsa ba. Sai a Agustan 2023 sabon gwamna, Uba Sani, ya rage, na KASU ya dawo 105,000. Kun ga ikon Allah. Abin da titi bai kawo ba, kakar zaɓe ta kawo. Amma da ba a yi kukan a 2021 ba, da ɗan siyasa bai san akwai ƙuri'a a wurin ba.

A Legas kuwa, cikin Satumban 2023, ɗalibai suka fito, aka watsa musu barkonon tsohuwa, aka kama wasu. Ba su ƙona komai ba, ba su kuma daina ba. Ƙarshe aka zauna da shugabannin ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NANS, aka zaftare wa tsofaffin ɗalibai naira 20,000, aka yarda a riƙa biya kashi-kashi. Ba duka suka samu ba. Amma wanda ya taɓa neman dubu ashirin da daddare ya san ba ƙaramin abu ba ne.

Ƙasashen waje, a gurguje. A Afirka ta Kudu, cikin Oktoban 2015, Jami'ar Wits ta Johannesburg ta ce za ta ƙara kashi 10 da rabi cikin ɗari. Ɗalibai suka tashi a duk faɗin ƙasar. Ba a yi mako biyu ba Shugaba Jacob Zuma ya ce babu ƙari a shekara mai zuwa, a Disamban 2017 kuma ya sanar da karatu kyauta ga 'ya'yan talakawa. A Ingila, a 2010, dubban ɗalibai sun cika titunan Landan, amma majalisa ta ninka kuɗin kusan sau uku, zuwa fam 9,000 a shekara.

To me muka gani? Wani lokaci ana samu, wani lokaci ba a samu. Inda aka samu, za ka tarar buƙatar a fayyace take, da lissafinta, da shugabannin da za a iya zama da su, da iyaye da malamai a bayansu. Inda kuwa ashana ta shigo, lissafi ya canja. A rufe makaranta sai baba ta gani. In an buɗe, a ce kowa ya zo da kuɗin ɓarna da takardar rantsuwa daga kotu, wani lokaci har da mahaifinsa. Ɗan mai hali ya biya ya wuce. Ɗan manomin da ya fito neman ragi, ya koma da ƙari. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ɗalibai, ku ji wannan. Doka ta ba ku 'yancin taruwa cikin lumana. Yana sashe na 40 na tsarin mulkin Nijeriya. A 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar jam'iyyar ANPP da Sufeto Janar na 'yan sanda, ta ce ba sai an nemi izinin 'yan sanda ba kafin a yi gangami. Wannan haƙƙinku ne. Amma kun ga Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa. Ɓata-gari suka shigo, aka fasa, aka kwasa, aka sa dokar hana fita a Katsina. A Nuwamba muka ga yaran Arewa a kotu a Abuja, wasu suna faɗuwa don yunwa, kafin shugaban ƙasa ya ce a sake su. Haƙƙi yana takarda. A titi kuwa, sai ka san wanda yake tafe a bayanka.

[Kiɗa]

Yanzu zan faɗi abin da ya fi damuna a wannan magana.

Duk waɗannan da na lissafa sun yi ƙara, duniya ta ji. Yaranmu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, yawancinsu ba sa ƙara. In kuɗi ya gagara, yaro ba ya ɗaga kwali. Sai ya cike takardar jingine karatu, wato ya nemi a ɗaga masa shekara guda. Ya ɗauko jakarsa ya dawo gida. In an tambaye shi ya ce hutu ake. Bayan wata uku ka gan shi yana cajin waya a bakin kasuwa, ko ya tafi Abuja acaɓa, ko ya gangara Kudu. In yarinya ce kuwa, ita ake fara cirewa, a ce ta jira yayanta ya gama. Kafin ya gama an kawo kuɗin gaisuwa.

Ina da aboki da muka yi aji ɗaya. Ya fi ni ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba, shi yake koya mana lissafi da daddare. A shekara ta biyu mahaifinsa ya kwanta ciwo, ya jingine karatu. Ya bar mini bokitinsa da risho, ya ce in riƙe masa, zai dawo bayan salla. Rishon nan har ya yi tsatsa a hannuna. Babu jaridar da ta buga labarinsa. Babu wanda ya ƙirga shi.

Ku tuna daren 11 ga Disamban 2020, da aka kwashe yaran Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara. Ranar 17 ga wata aka sako 344. Duniya duka ta san sunan Ƙanƙara a makon nan. To ku yi lissafi. Wanda yake ajin farko na babbar sakandare a lokacin, wajen 2023 ya gama. Shekarar da kuɗin jami'a ya hau ke nan. Yaron da ya taka daji da ƙafa, ya dawo, ya daure ya koma aji, ya ci jarrabawa, sai ya zo ƙofar jami'a ya tarar an ninka kuɗi. Da aka sace su kowa ya san adadinsu. Nawa ne cikinsu suka shiga jami'a, nawa ne kuɗi ya tare? Ya kamata a ce wani ofis yana riƙe da wannan lissafi.

[Kiɗa]

Mun zo kan bashin karatu. Iyaye, a matso da rediyo kusa.

Sunan asusun NELFUND, wato asusun ba ɗalibai rancen karatu. Shugaba Bola Tinubu ya fara sa hannu a dokarsa a Yunin 2023. Waccan ta zo da sharuɗɗa masu tsauri, har da masu tsaya wa ɗalibi. Aka soke ta, aka sa hannu a sabuwa ranar 3 ga Afrilun 2024, aka buɗe shafin nema ranar 24 ga Mayu. Shugaban da aka naɗa wa asusun sunansa Akintunde Sawyerr. Sunan fari ɗaya da ɗalibin da aka fara harbewa a 1978. Haka tarihi yake wasa da mutane.

Yaya yake aiki? Na ɗaliban makarantun gwamnati ne, na tarayya da na jiha: jami'a, kwalejin kimiyya da fasaha, kwalejin ilimi. Ɗan makarantar kuɗi ba ya ciki. Ɗalibi zai nema ta intanet da lambar NIN, da BVN ta banki, da lambar JAMB, da shaidar samun gurbi. Ba a biyan ko kwabo don nema. Duk wanda ya ce ka ba shi wani abu ya sa ka a layi, ɗan damfara ne. Kuma kada yaro ya bar wa mai shago lambobin sirrinsa.

In an amince, kuɗin rajista makaranta ake tura wa kai tsaye. Ba ya biyowa ta hannun ɗalibi. Akwai kuma alawus na naira 20,000 a wata, ga wanda ya nema, shi ne yake shiga asusunsa.

Babu kuɗin ruwa. Na maimaita, babu kuɗin ruwa. Abin da ka ci shi za ka biya. Wannan ya sa ɗaliban Arewa suka rungume shi, har jami'o'in Maiduguri da Bayero da ta Dutsinma suka kasance cikin na gaba-gaba wajen nema.

Yaushe ake biya? Shekara biyu bayan gama bautar ƙasa. In kana aikin albashi, a riƙa cire kashi 10 cikin ɗari. In sana'ar kanka kake, kashi 10 na ribarka. In ba ka da aiki ba ka da abin shiga, doka ta ba ka damar yin rantsuwa ka nemi a ɗaga maka. In mutum ya rasu, an yafe.

Bari mu yi lissafin zaure. Misali ne kawai. A ce rajista naira 100,000 ce a shekara. Shekara huɗu, 400,000. A ce yaro ya karɓi alawus wata goma a kowace shekara. Shekara huɗu, 800,000. An haɗa, miliyan 1 da 200,000. A ce ya samu aikin 100,000 a wata, ana cire 10,000. Wata 120 ke nan. Shekara goma cif. Kun lura? Alawus ɗin nan da yake shigowa kaɗan-kaɗan, ya ninka kuɗin rajista sau biyu. Shi ne mai daɗin ci, shi ne mai nauyi.

Ra'ayina, in ana so: yaron da zai bar karatu saboda rajista, ya karɓa, kada ya tsaya jin kunya. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma wanda ba shi da ruwa ya fi sayar da gona. Alawus kuwa, a duba buƙata tukuna. In don ci da haya ne, to. In don sabuwar waya ne, a sake tunani.

Ina jin yadda wasu samari suke cewa, ai rabonmu ne na arzikin ƙasa, wa zai biya? A'a, ɗana. Sunansa bashi, kuma ka san abin da malamanmu suke faɗa a kan wanda ya mutu da bashi a wuyansa da gangan. An taɓa gwada irin wannan. A 1972, zamanin Janar Gowon, aka kafa hukumar ba ɗalibai rance. Da yawa suka ci suka shafe baki, hukumar ta durƙushe. A 1993 aka kafa bankin ilimi, shi ma bai je ko'ina ba. Na gaba suka ci, na baya suka tarar da tukunya a wanke.

Amma kada a ɗora wa ɗalibi nauyi shi kaɗai. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. A 2025 an yi ta ƙorafin cewa wasu makarantu sun karɓi kuɗin asusun ba su sanar da ɗalibai ba, ko sun ƙi mayar wa waɗanda suka riga suka biya da kansu, har hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta shiga bincike. Don haka in ka biya da kuɗin masarar babanka, daga baya asusun ya biya maka, kuɗinka na farko naka ne. Ka ajiye rasit. Ka rubuta takarda ka nema.

Sai wani haɗari na gaba. In jami'a ta ga akwai mai biya, tana iya sakin hannu wajen ƙari, a ce ai akwai rance. A Amurka bashin karatu ya haura dala tiriliyan 1.6, yana wuyan mutum fiye da miliyan 40. Akwai masu furfura da har yau suke biya. Nasu yana da ruwa, namu babu, amma ƙofa ɗaya ce. Rance ba ya rage kuɗin makaranta. Ɗage ranar biya kawai yake yi.

[Kiɗa]

Lokaci yana ƙure mana. Saura magana da mutum uku.

Shugabannin ɗalibai, na makaranta da na ƙungiyar ɗaliban jihar Katsina. Kafin ku buga kwali, ku buga lissafi. Ku nemi a fayyace muku kuɗin nan ɗaya bayan ɗaya: nawa ne na asibiti, kuma akwai magani a asibitin? Ku nemi biya kashi-kashi. Ku nemi a ƙara wa'adin fotal. Mu da aka taɓa yanke wa layin waya wata da watanni a 2021, mun san rajistar intanet ba daidai take ga kowa ba. Kuma ku tattara sunayen waɗanda suka jingine karatu, gunduma-gunduma, daga Gatakawa har Ruwan Godiya, har Machika.

Wannan takarda ku kai ta inda ya dace. Ƙananan hukumomin nan uku mazaɓa ɗaya ce a majalisar wakilai ta tarayya. Ga 'yan majalisar jiha, ga shugabannin ƙananan hukumomi, ga hukumar tallafin karatu a Katsina. Masu girma, in takardar ta iso, a taimaka a karanta. Wanda ya iya raba babura ranar gangami, zai iya biya wa ɗalibai hamsin rajista, a kuma manna sunayen a sakatariya kowa ya gani.

Sai kai, Baba, da ke, Inna. In yaro ya dawo ya ce hutu ake, a bar shi ya ci abinci, ya huta. Da daddare, in ƙannensa sun kwanta, a kira shi gefe. A ce ya buɗe wayarsa ya nuna rajistar bana. In babu, kada a yi masa faɗa, kunya ce ta hana shi magana. A tambaye shi ran da za a rufe fotal, da ko ya nemi rancen, da ko sunansa na NIN ya yi daidai da na JAMB, don saɓanin harafi ɗaya yana iya tsayar da komai. In akwai gyara, gobe da sassafe ya kama motar Funtuwa ko Malumfashi.

Nan za mu dakata.  

[Kiɗan rufe shiri]